Wuta, Ruwa ko Inji: Wanne Ya Fi Dacewa da Takardun Sirrin Gidanka?

Wata Asabar da safe na aiki yaro ya sayo mana ƙosai a bakin layi. Ina warware ƙunshin sai na ga hoton wata baiwar Allah yana leƙo ni ta cikin maiƙo. Ashe fotokwafin takardar NIN ɗinta ce. Ga sunanta cikakke, ga lambobin nan 11, ga adireshin gidansu har da sunan unguwa. Na juya bayan takardar, sai ga lambar waya an rubuta da biro, a ƙarƙashinta kuma an sa BVN da wasu lambobin 11. Da gani ka san neman aiki ko tallafi ta je, aka karɓi takardunta, da aka gama da su aka zuba a buhu aka sayar. Mai ƙosan ba ruwanta, a kilo take sayen takarda, ba ta ma duba abin da ke jiki. Amma ni ranar ƙosan bai shige ni da daɗi ba, don na tuna tulin takardun da ke durowar ɗakina, da inda suke ƙarewa duk lokacin da aka yi kwalimar salla.

A garuruwanmu takarda ba ta mutuwa a bola. Daga kwandon shara sai juji, daga juji 'yan jari-bola su tsince mai tsabta, ta koma hannun mai tsire ko mai gyaɗa ko mai awara. Wadda ba a tsince ba iska ta kwashe ta, ta je ta maƙale a bakin kwata inda duk mai wucewa zai iya karantawa.

Takardar ita kaɗai ba ta kwashe kuɗin da ke asusun mutum. Abin da take yi shi ne ta ba ɗan damfara abin da zai sayi yardarka da shi. Ya kira ka da cikakken sunanka, ya karanto maka ranar haihuwarka da BVN ɗinka, ya ce daga banki ne kuma yau za a rufe asusunka. Wanda ya ji an san wannan duka sai jikinsa ya yi sanyi, da bakinsa zai karanto lambobin sirrin da suka shigo wayarsa. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da BVN a 2014, sannan a ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da NIN, sai ya zama 'yan lambobi kaɗan ne ke riƙe da kuɗin mutum da layinsa da sunansa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗora wa kamfanoni da ofisoshi nauyin tsare abin da suka karɓa, amma durowar ɗakinka tana wuyanka. Kuma ba kuɗi ne kaɗai abin tsoro ba. Sakamakon gwajin asibiti, takardar bashi, wasiƙar da ta shafi rikicin aure, ko wanne daga ciki ya faɗa hannun da bai dace ba a unguwar da kowa ya san kowa, ya isa ya zubar da mutuncin gida.

Kafin a ɗauko ashana ko bokiti, a zauna a tace tukuna, domin abin da aka lalata ba ya dawowa. Takardar fili da ta gida, yarjejeniyar saye da sayarwa mai sa hannun shaidu, takardar rabon gado, ta haihuwa, ta aure ko ta saki, shaidar kammala makaranta, takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da duk abin da ya shafi fansho, waɗannan ba a taɓa su ko sun yi ja sun yage. Na sha ganin dattijo yana zirga-zirgar neman haƙƙinsa na ritaya saboda takarda ɗaya da aka ɗauka tsumma ce. Rasit ɗin bashin da ka biya ma ka riƙe shi har maganar ta mutu sarai. Mai kamfani mai rajista kuwa, doka ta ce ya adana littattafan lissafinsa shekara 6. Abin da za a lalata shi ne ragowar: fotokwafin katin shaida da suka yi yawa, fom ɗin da aka cike aka ɓata, tsofaffin bayanan asusu, takardun albashi da aka gama da su, katin asibitin da aka daina zuwa, littafin cek na asusun da aka rufe, da 'yan takardun da aka rubuta lambar sirri a jiki don gudun mantuwa.

Yawancinmu abin da muke yi shi ne mu yaga gida huɗu mu jefa a shara, hankalinmu ya kwanta. Wannan ba lalatawa ba ce. Ɗan firamare zai haɗa ta cikin minti ɗaya, kuma sau da yawa ba a ma buƙatar haɗawa, don lambar tana zaune lafiya lau a ɓangare guda. A ƙarshen 1989, da gwamnatin Jamus ta Gabas ke rushewa, jami'an leƙen asirinta da ake kira Stasi sun yi ta yaga takardu da hannu bayan injinansu sun gaza. An samu buhu wajen 16,000 na yagaggun takardu, kuma aka zauna shekara da shekaru ana haɗa su shafi bayan shafi. Ba wanda zai yi wa takardar NEPA ɗinka irin wannan hidima, amma labarin ya nuna iyakar abin da hannu ke iya yi.

Wuta ita ce ta fi saurin zuwa zuciya, kuma tana da hujjarta: ba ta cin ko kwabo, ba ta jiran NEPA, tana gamawa nan take. Sai dai wanda ya taɓa ƙona tulin takardu ya san ba yadda ake zato ba ne. Idan ka jefa su a dunƙule, gefe-gefen ne ke ci, tsakiyar ta tsira fes kamar ba a sa mata wuta ba, don iska ba ta shiga tsakanin shafuka. Ko wadda ta ƙone ƙurmus, in ba a motsa ta ba, ka kara ta a haske za ka ga rubutun yana sheƙi a jikin baƙar tokar. Saboda haka ƙonawar kirki tana son haƙuri. A samu tsohon gwangwanin fenti ko kurfoti, a huda gindin gwangwanin don iska, a riƙa murɗe takardun ana sa su kaɗan-kaɗan, a ɗora ragar waya a sama, a juya da sanda, in ta mutu a farfasa tokar a zuba mata ruwa. Kada a kusanto da fetur. Kananzir ma ba a buƙatarsa.

Matsalar wuta biyu ce, kuma dukansu manya. Ta farko iska. Takarda mai ci da wuta ba ta da nauyi, a lokacin hunturu kuwa iska kaɗan ta isa ta ɗaga ta ta sauke kan danga ko rumfar kara ko shanyar maƙwabta, a daidai lokacin da komai ya bushe ƙayau. Ta biyu hayaƙi. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda akwai jariri ko tsoho ko mai ciwon asma, cutarwa ce a tayar da hayaƙi na awa guda. Wanda ke ƙauye ko yake da fili a bayan gida, wuta ta ishe shi. Uwar gidan da ke girki da itace ma tana iya sa biyar ko goma a murhu ta gama da su ba tare da wani shiri ba. Amma mazaunin gidan bene ko ɗaki ciki da falo a tsakiyar birni, gara ya nemi wata hanya.

Hanyar da na fi yarda da ita, wadda kuma ba kasafai ake ambatonta ba, ita ce ruwa. Takarda asalinta zaruruwan itace ne da aka dama aka shanya, ruwa kuwa mayar da ita yake yi inda ta fito. Ka yayyaga takardun gida huɗu ko takwas, ka cire ƙusoshin da aka maƙale su da su, ka zuba a tsohon bokiti, ka kwarara ruwan ɗumi har ya sha kansu, ka barbaɗa omo cikin hannu guda. Ka rufe ka bar shi ya kwana. Washegari ka sa hannu ko wata tsohuwar muciya da aka daina tuƙi da ita, ka yi ta murzawa har ya zama ƙullu. Daga nan sai a tsiyaye ruwan, a matse, a cura kamar fura. Na taɓa ɗaukar curi ɗaya na warware shi a tafin hannuna ina neman ko harafi guda, ban ga komai ba sai ɗigo-ɗigon baƙi cikin toka-toka. Babu gwanin da zai mayar da wannan shafi, don ba gutsuttsura ba ne balle a jera su.

Abin lura a nan shi ne jiƙawa kaɗai ba ta isa ba. Rubutun injin fotokwafi da na firintar ofis ba tawada ba ce mai narkewa, gari ne da zafi ya liƙa a jikin takarda. In ka jiƙa ka jefar, rana ta busar da ita, za a karanta ta tsaf. Murzawar ita ce aikin. Takarda mai sheƙi da mai kauri kan ɗauki kwana biyu kafin ta saki. Wasu na ɗiga Hypo don ya hanzarta, ba laifi, amma a sa safar roba, kuma kada a haɗa shi da ruwan wanke bayi don hayaƙin da suke fitarwa guba ne. In bokitin ya wuce kwana uku zai fara wari ya kira sauro. Kada a juye ƙullun a kwata ko a bayi na zamani, toshewa zai yi. A shanya curin a jefa shara, ko a binne shi gara ta ƙarasa. Mafi muhimmanci, gidan da ke da yaro mai rarrafe a rufe bokitin a ɗaga shi sama, domin ko ruwan da bai kai rabin bokiti ba, yana iya halaka yaro.

To, ina matsayin injin yayyanka takardu, wanda ma'aikatan ofis ke kira shireda? Mutane da yawa na ganin shi ne wayewa, sauran hanyoyin kuma na rashin kuɗi ne. Ban yarda ba. Injin yana da ranarsa, amma sai an san irin wanda za a saya, don ba duka suka taru suka zama ɗaya ba.

Mafi araha shi ne mai tsaga takarda dogo-dogo kamar taliya. Faɗin takardar A4 milimita 210 ne, in injin na yanka milimita 6, tsage 35 kawai za ka samu. Wanda ya zauna da salatif zai haɗa su kafin shayinsa ya huce, musamman da yake tsagen shafi ɗaya wuri ɗaya suke faɗawa a kwandon. In kuma aka zura takardar ta yadda yankan ya bi layin rubutu, sai lambar asusu ta fito ɗungurungum a tsage guda. A 1979, da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, babban birnin Iran, irin wannan yankan suka tarar, aka zauna aka haɗa takardun aka buga su littafi-littafi. Wannan injin, ko kyauta aka ba ka, kada ka amince masa da takardar banki.

Na biyu shi ne mai yanka tsaye da kwance, ya mayar da takarda ƙananan gutsuttsura. Akwai ma'aunin da Jamusawa suka fitar a 2012, DIN 66399, wanda ya kasa injinan mataki bakwai, daga P-1 zuwa P-7, kuma masu ƙera na kirki suna rubuta matakin a jikin kwali. P-1 da P-2 su ne masu taliya. P-4 shi ne wanda ya dace da gida: gutsurensa kamar milimita 4 a faɗi, 40 a tsawo, shafi ɗaya ya tashi gutsure wajen 390. P-5 kuwa kamar milimita 2 da 15 ne, shafi ɗaya ya haura gutsure 2,000, kamar dusa. P-6 da P-7 na hukumomin tsaro ne, asarar kuɗi ce a kai su gida. In mai shago ya kasa nuna maka wannan lamba, ka ce ya jona injin ya yanka takarda a gabanka, ka ɗebi abin da ya fito ka duba da idonka.

Ga abin da ba a faɗa wa mai saye. Ƙananan injinan gida ba sa jure dogon aiki. Yawancinsu bayan 'yan mintuna ƙalilan motar ta yi zafi su tsaya da kansu, sai an jira kusan rabin awa. Wanda ya tara kwali biyu na shekara goma yana jiran a kawo wuta ya gama a dare ɗaya, zai sha mamaki. In an rubuta yana cin shafi 8, ka ba shi 5, don takardunmu da suka sha ƙura da danshin damina sun fi sababbi taurin kai. Haƙoran mai yanka tsaye da kwance suna son a riƙa ɗiga musu mai, ga ƙurar hunturu da ke haɗuwa da garin takarda ta cushe su. In gear ɗin robar da ke ciki ya karye, samun madadinsa aiki ne. Sai babban tarkon da ke jikin na gwanjo: injin da aka kawo daga Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 yake sha, tamu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Ka jona shi kai tsaye, hayaƙi ne zai ba ka amsa. A duba bayansa kafin a biya. Ba ya jan wuta da yawa, ƙaramin janareto ko inbata na ɗaukarsa, amma a gidan yara a riƙa zare shi daga soket, domin yatsan yaro na iya shiga bakin, haka gefen mayafi ko hannun riga.

Duk da haka akwai wanda injin ya zame wa dole. Mai sana'ar POS, mai shagon fotokwafi, mai kemis, lauya ko akawun da ke aiki daga gida, mai makarantar kuɗi, sakataren ƙungiyar adashe ko ta haɗin kai, duk wanda takardun mutane ke ratsa hannunsa kowace rana. Shi ba zai jiƙa bokiti kullum ba, kuma amanar da ke hannunsa ba tasa ce shi kaɗai ba. Ya sayi P-4, ya ajiye shi kusa da teburinsa, takarda na gama amfani ya zura ta. Da wanda ya karɓi takardun baiwar Allahn nan yana da wannan ɗabi'a, da hotonta bai zo gidana cikin ƙosai ba. Amma magidancin da abin da yake tarawa a shekara bai wuce cikin leda ɗaya ba, ya riƙe kuɗinsa ya yi cefane. Bokiti ya ishe shi.

Tsakanin waɗannan akwai ƙananan dabaru na yau da kullum. Akwai ɗan injin da ake juyawa da hannu, da almakashi mai baki biyar, sai dai galibinsu tsaga dogo-dogo suke yi, saboda haka a sake yankawa a kwance. Shafe lamba da alƙalamin maka ba abin dogaro ba ne, a kara a haske rubutun firinta na fitowa. Abin da ya fi sauƙi, in takardar wuri ɗaya ce kawai ke da sirri, kamar ambulan ko kwalin saƙo mai sunanka da lambar wayarka, ka yanke wurin da almakashi ka jefa a ledar da kake tarawa, sauran ya tafi shara. Rasit ɗin POS kuwa takardarsa da zafi take rubutu, in ka goga mata dutsen guga mai zafi sai ta koma baƙa gaba ɗaya.

Kayan roba su ne ba wuta ba ruwa. Tsohon katin ATM, katin da aka ɓalle sim daga jikinsa mai ɗauke da lambar PUK, katin shaidar wurin aiki, da takardar da aka rufe da leda. Ruwa ba ya shigarsu, ƙona su kuma hayaƙi ne mai cutarwa, ga wari. Almakashi mai ƙarfi shi ne maganinsu. A katin ATM, a datse ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare gida biyu, a yanka ta tsakiyar dogayen lambobin, a raba lambobi ukun da ke baya, a ratsa baƙin layin, sannan a watsar da gutsuttsuran a shara daban-daban ba rana ɗaya ba. Mai leda kuwa a yanke gefunanta da reza a ɓare, in ta ƙi a daddatsa ta ƙanana. Kada a tura ta a ƙaramin inji sai in an rubuta yana cin kati.

Akwai wani kaso da ma'aunin Jamusawa bai san da shi ba, alhali a gidan Bahaushe ba a rasa shi: takardun da ke ɗauke da aya ko Bisimilla ko sunan Allah. Wasiƙun iyaye da ake buɗewa da Bisimilla, katin ɗaurin aure, littafin Islamiyya da ya yage, kalandar da shekararta ta wuce. A nan ba tsoron ɗan damfara ne kaɗai ba, girmamawa ce. Ya tabbata cewa Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, bayan an haɗa mutane kan mushafi guda, ya ba da umarni a ƙone sauran rubuce-rubucen. Malamai sun yi magana kan ƙonawa, da binnewa a wuri mai tsarki, da wankewa, kowa ya tambayi malaminsa wadda zai bi. Ni dai ware su nake yi daban, in ƙone su a gwangwani mai tsabta ba ƙarƙashin tukunya ba, in binne tokar a gindin bishiya inda ba a takawa. Ba na sa su a bokitin omo da za a tsiyaye ruwansa a kwata, ba na kuma sa su a inji mai tsaga dogo-dogo, don kalma na iya tsira a tsage guda ta ƙare a juji. Wannan ne ma ya sa ban goyi bayan masu jefa takardu a masai ba. Gaskiya ne ba wanda zai ciro su, amma sunayenmu nawa ne babu Abdullahi ko Abdurrahman a ciki?

Yanzu a bayan ƙofar ɗakina akwai wata leda da na rataye, duk takardar da ta gama aiki kuma tana da suna haɗe da lamba, can take shiga. Duk bayan wata uku ko huɗu, ranar da ake wanki, sai in karɓi tsohon bokiti in jiƙa su. In na je shagon fotokwafi kuma kwafi ya ɓaci, ba na bari a jefa shi a kwandon ƙarƙashin tebur. Nakan ce, "Malam, ba ni wannan ma, zan biya." In ta WhatsApp na tura masa takardar, ina tsaye zai goge ta daga wayarsa da kwamfutarsa kafin in fita. Takardar baiwar Allahn nan ita ce ta farko da ta shiga bokitin, bayan na kira lambar da ke bayanta na gaya mata inda na tsince ta.